Gwajin Radon a Gida da a Ruwan Rijiya: Tambayoyi da Amsoshi Kan Wahalhalun Aikin

Radon iska ce da ke fitowa daga ƙasa. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano, kuma babu wata gaɓa a jikin ɗan Adam da za ta sanar da shi cewa tana cikin ɗakin da yake kwana. Duk abin da mai gida zai sani game da ita daga na'ura zai fito, ta hannun wanda ya ajiye na'urar, ya ɗauke ta, ya kuma fassara abin da ta nuna. Saboda haka nauyin da ke kan ma'aikacin wannan fanni yana da girma, domin mai gida ba shi da hanyar tantance aikinsa da ido. Tambayoyin da ke tafe sun shafi wannan nauyi da wuraren da aikin ke yawan karkacewa.

Mece ce radon, kuma da me ake auna ta?

A cikin duwatsu da ƙasa akwai sinadarin yuraniyom, kaɗan a wani wuri, da yawa a wani. Yana rikiɗewa sannu a hankali, mataki bayan mataki, har ya zama radiyom, shi kuma radiyom ya rikiɗe ya zama radon. Yuraniyom da radiyom a daskare suke cikin dutse, amma radon iska ce, don haka tana bin ramukan ƙasa da tsagogin dutse, ta fito sarari ko ta narke cikin ruwan ƙarƙashin ƙasa. Masanin kimiyya ɗan ƙasar Jamus, Friedrich Ernst Dorn, shi ne ya gano ta tana fita daga radiyom a shekarar 1900. Cikin kwana 3.8 rabin kowane adadi nata yana rikiɗewa, kuma wannan ɗan gajeren lokaci yana shiga kusan kowace matsala ta gwaji, kamar yadda za a gani a gaba.

Yawancin ƙasashe suna auna ta da bekarel a kowace kubik mita ta iska, inda bekarel ɗaya ke nufin ƙwaya ɗaya tana rikiɗewa a kowace daƙiƙa. A Amurka kuma ana amfani da pikokuri a kowace lita, kuma pikokuri 1 a lita daidai yake da bekarel 37 a kubik mita. A fili, inda iska ke kaɗawa, adadin yakan tsaya tsakanin bekarel 5 zuwa 15. Sai ta samu rufaffen wuri sannan take taruwa.

Wace illa take yi wa jiki?

Idan radon ta rikiɗe a cikin iskar ɗaki, takan bar ƙananan ƙwayoyi masu fitar da haskoki masu cutarwa, musamman nau'o'i biyu na wani sinadari mai suna poloniyom, waɗanda ke maƙalewa a ƙura, mutum ya shaƙe su, su zauna a hanyoyin numfashi suna harba ƙwayoyin alfa, wato ƙananan ɓarɓashi masu ƙarfi da ido ba ya gani, cikin naman huhu. Bayan shekaru masu yawa wannan na iya haifar da kansar huhu. Tun a ƙarni na 16 aka lura cewa masu haƙar ma'adinai a Schneeberg ta ƙasar Jamus suna mutuwa da wani ciwon ƙirji, a 1879 likitoci suka tabbatar cewa kansar huhu ce, a 1988 kuma hukumar binciken kansa ta duniya da ke birnin Lyon ta sanya radon cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa kansa ga ɗan Adam.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa radon ce sanadin kashi 3 zuwa 14 cikin 100 na kansar huhu a ƙasashe daban-daban, gwargwadon yawanta a gidaje da yawan masu shan taba, kuma haɗarin yana ƙaruwa da kusan kashi 16 cikin 100 a duk ƙarin bekarel 100 da mutum ya daɗe yana shaƙa. Mai shan taba ya fi wanda ba ya sha fuskantar haɗarin da kusan ninki 25. Hukumar Kare Muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa radon tana jawo mutuwar mutum 21,000 a kowace shekara a ƙasar. Ya kamata a sani cewa radon ba ta sa ciwon kai ko tari ko kasala nan take, kuma ma'aikacin da ya bar mai gida ya ɗora mata irin waɗannan alamomi don ya samu aiki ya cuce shi, domin ya kawar da hankalinsa daga neman ainihin abin da ke damunsa.

Daga wane adadi ne ya wajaba a yi gyara?

Babu adadi guda da duniya ta tsaya a kai. A littafinta na 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar bekarel 100, ta ce ƙasar da ba za ta iya ba kada ta wuce 300. Amurka ta tsaya a pikokuri 4, wato kusan bekarel 150, tare da shawarar a yi tunanin gyara ko da adadin yana tsakanin 2 da 4. Kanada ta sauko daga bekarel 800 zuwa 200 a shekarar 2007, Birtaniya ma 200 take amfani da shi, dokar Tarayyar Turai ta 2013 kuma ta hana ƙasashenta sanya iyaka sama da 300.

Wahalar ma'aikaci a nan ita ce bayani. Mai gida yana son a ce masa ko lafiya ko babu, alhali waɗannan iyakoki hukumomi ne suka zaɓe su bisa abin da za a iya aiwatarwa, haɗarin kuwa yana hawa ne a hankali ba tare da wata iyaka da yake farawa daga gare ta ba. Gidan da ya nuna 3.9 da wanda ya nuna 4.1 kusan hali ɗaya suke ciki, kuma bambancin da ke tsakaninsu bai ma kai kuskuren da na'urar kanta kan yi ba. A ganina, duk rahoton da ya rubuta wa na farko cewa ya tsira, ya rubuta wa na biyu cewa yana cikin haɗari, bai faɗi gaskiyar lamarin ba.

Maƙwabcina ya gwada gidansa ya samu adadi ƙasa. Shin hakan ya wadatar da ni?

Bai wadatar ba. Gidaje biyu da katanga ɗaya ta raba suna iya bambanta ninki goma ko fiye, saboda tsagar dutsen da ke ƙarƙashin wannan ba lallai ta ratsa ƙarƙashin wancan ba, ga kuma bambancin harsashi da yadda iska ke shiga da fita. Taswirar radon tana nuna yankunan da suka fi yawan gidaje masu matsala ne kawai, kamar Cornwall a Ingila ko sassan Finlan da Suwidin masu dutsen giranit. Labarin da ya farkar da Amurka ya nuna haka. A ƙarshen 1984 wani injiniya mai suna Stanley Watras, da ke aiki a tashar nukiliya ta Limerick a jihar Pennsylvania, ya riƙa tayar da ƙararrawar na'urar bincike a wurin aiki, da aka bi diddigi sai aka tarar daga gidansa yake ɗauko abin, inda aka auna kusan pikokuri 2,700 a lita. Cikin gidajen da ke kewaye da shi akwai waɗanda adadinsu bai ko kusanci wannan ba.

Me ya sa gwaji biyu a gida ɗaya kan ba da sakamako mabambanta?

Wannan ita ce tambayar da ta fi jawo saɓani tsakanin ma'aikaci da mai gida, kuma amsarta tana cikin yadda radon ke shiga gini. Ba yoyo kawai take yi ba, gidan ne ke zuƙo ta. Idan iskar cikin gida ta fi ta waje ɗumi, takan tashi sama ta fita ta rufi da tagogin bene, sai matsin iska a ƙasan ginin ya ragu kaɗan, iskar da ke cikin ƙasa kuma ta taso ta cike gurbin ta tsagar daɓe, da mahaɗar bango da daɓe, da gefen bututun da ya huda siminti. Bambancin matsin ɗan ƙarami ne ƙwarai, mutum ba ya jin sa, amma ya isa.

Duk abin da ya taɓa wannan matsi zai taɓa sakamakon. Fankar da ke fitar da hayaƙi daga ɗakin girki tana ƙara zuƙar. Iska mai ƙarfi da ke bugun gefe ɗaya na gini tana canza ta. Ruwan sama mai yawa ko ƙanƙara kan toshe saman ƙasar da ke kewaye da gida, sai busasshiyar ƙasar da ke ƙarƙashin ginin ta zama mafita mafi sauƙi. Saukar matsin sararin samaniya kafin hadari ma yakan janyo iskar ƙasa. A gidaje da yawa adadin yana hawa da asuba, ya sauka da rana, kuma a ƙasashe masu tsananin sanyi yakan fi yawa a lokacin hunturu, sa'ad da ake rufe komai ana ɗumama ɗakuna. Saboda haka idan gwajin wannan mako ya ninka na makon jiya, ba dole ba ne a ce ɗaya daga cikinsu kuskure ne, domin kowanne ya faɗi abin da ya tarar a kwanakinsa. Abin da ke da alaƙa da lafiya kuwa shi ne matsakaicin adadin shekara, kuma gwajin kwana biyu ƙiyasi ne kawai na wannan.

To wane gwaji ya fi, gajere ko dogo?

Dogo ya fi, wato wanda ya kai wata uku ko ya wuce. Akan yi shi da wani ɗan ƙoƙon roba mai ɗauke da faifai na musamman, wanda ƙwayoyin alfa ke bar wa tabo, daga baya a ƙirga tabon a ɗakin gwaje-gwaje. Hukumomin lafiya na Kanada da Birtaniya a kan wata uku suka tsaya, a Birtaniya ma akan ajiye biyu ne, ɗaya a falo ɗaya a ɗakin kwana.

Gajeren gwaji yana da amfani idan ana gaggawa. Mafi shahara shi ne gwangwanin gawayi da ake buɗewa kwana 2 zuwa 7, amma yana da rauni biyu: laima tana cika gawayin ta rage masa ƙarfin kama radon, sannan radon ɗin da ya kama tana ci gaba da rikiɗewa a hanya, don haka jinkirin aika shi yana lalata sakamakon. Na'urar lantarki mai rubuta adadi awa-awa ta fi ba ma'aikaci haske, domin tana nuna masa hawa da saukar.

Ina ake ajiye na'urar, kuma me ya sa ake cewa a rufe gida?

A ƙa'idar Amurka ana ajiye ta a hawa mafi ƙasa da mutane ke zama a ciki, aƙalla santimita 50 daga daɓe, kusan santimita 90 daga taga ko ƙofar waje, nesa da zafi da hasken rana da bakin fanka. Ba a sa ta a ɗakin girki ko banɗaki saboda laima. Ba a kuma jingina ta da bango, domin akwai wani nau'in radon mai suna toron, wanda rabinsa ke ƙarewa cikin ƙasa da minti ɗaya, yana fita daga jikin bango, yana iya ruɗa wasu na'urori idan sun matso kusa. Gajeren gwaji ba ya gaza awa 48, kuma ana rufe tagogi da ƙofofin waje awa 12 kafin a fara, a ci gaba da rufewa har a gama, in ban da shiga da fita na yau da kullum. Dalilin shi ne a samu yanayi iri ɗaya da za a iya kwatantawa. A wuri mai zafi wannan sharaɗi yana da wuyar cikawa ga mutanen gida, kuma ya fi kyau ma'aikaci ya koma ga dogon gwaji, wanda ake yi cikin rayuwar gida yadda ta saba, da ya dogara ga alkawarin da ya san ba za a iya cikawa ba.

Gaskiya ne ana yin maguɗi a gwajin da ake yi lokacin sayar da gida?

Ana yi, kuma ba abin mamaki ba ne, tun da mai sayarwa yana da buƙatar adadi ya fito ƙasa, shi ne kuma ke kwana a gidan yayin da na'urar ke aiki. Wani yakan buɗe taga da dare, wani ya ɗauke na'urar ya kai ta waje, wani ya rufe ta da leda. Ma'aikata suna kare kansu ta hanyar manna hatimi a tagogi, da sa mutanen gida hannu a takardar sharuɗɗa, da amfani da na'urar da ke rubuta zafi da laima da motsi tare da radon. Idan adadin ya faɗi warwas da ƙarfe biyun dare, zafin ɗakin ma ya sauka a daidai wannan lokaci, to akwai alamar an buɗe taga. Amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Matsin da ya fi nauyi shi ne wanda ke zuwa daga dillalin da ke kawo wa ma'aikaci aiki a kai a kai, wanda ba ya son a ɓata masa ciniki. Ma'aikacin da ya soke gwajin da ya ga alamar taɓawa a ciki yana iya rasa wannan dillali, kuma duk da haka sokewar ce daidai, domin iyalin da za su shiga gidan za su yi shekaru suna dogaro da wannan takarda.

Ta yaya ake tabbatar da cewa na'urar kanta tana faɗin gaskiya?

Ana kai na'urar lantarki a daidaita ta duk shekara a wani ɗaki da aka san adadin radon ɗin da ke ciki. Ban da haka, ƙa'idar aiki a Amurka ta tanadi cewa a kusan kashi 10 cikin 100 na gwaje-gwaje a ajiye na'ura biyu gefe da gefe don a ga ko za su yi daidai, a kusan kashi 5 cikin 100 kuma a aika wadda ba a buɗe ba don a gano ko kayan sun gurɓata a ajiya. Mai gida yana da haƙƙin ya nemi ganin takardar daidaitawar da kwanan watanta.

Idan na toshe tsagogin daɓe, ko na riƙa buɗe tagogi, ba shi ke nan ba?

Buɗe taga yana rage adadin muddin tana buɗe, idan aka rufe kuma cikin kusan rabin yini ya koma yadda yake. Toshe tsagogi yana taimakawa, amma Hukumar Kare Muhalli ta Amurka ba ta yarda da shi a matsayin magani shi kaɗai ba, domin ba a iya gano dukkan ƙofofin, gini kuma yana ci gaba da motsi yana buɗe sababbi.

Mene ne ainihin gyaran, kuma ina wahalarsa take?

Hanyar da ta fi aiki ita ce a juya zuƙar, a sa matsin iskar ƙarƙashin daɓe ya yi ƙasa da na cikin gida. Ana huda daɓen, a kwashe ƙasar da ke ƙarƙashin hudar kamar cikin bokiti ɗaya ko fiye don a samu ɗan rami, a kafa bututun roba mai faɗin inci 3 ko 4, a like gefensa sosai, a ja shi har saman rufi, a sa masa fanka mai aiki dare da rana. Idan an dace, adadin yana iya sauka da kashi 99 cikin 100. Gidan da ke da sarari a ƙarƙashin bene da ƙasa tsirara kuma, ana shimfiɗa leda mai kauri, a like ta da bango, a zuƙo iska daga ƙarƙashinta.

Wahalar ita ce ma'aikaci ba ya ganin abin da ke ƙarƙashin siminti. Idan magina sun zuba tsakuwa, ƙaramar fanka da rami ɗaya sun isa su ja iska daga kusurwa zuwa kusurwa. Idan yumɓu ne ko dandaƙaƙƙen yashi, zuƙar ba ta wuce 'yan taku daga bakin ramin. Wani lokaci akwai harsashin bangon ciki da ya raba ƙarƙashin gidan gida-gida, ko wani sashe da aka ƙara daga baya da nasa daɓen daban. Saboda haka ƙwararre ba ya fara yanka bututu sai ya yi bincike. Yakan huda ƙananan ramuka kamar kaurin yatsa a kusurwoyin ɗaki, ya ɗora injin zuƙar ƙura a babbar huda, sannan ya durƙusa a kowane ƙaramin rami da ma'aunin matsi mai tsananin ji, ko ya saki ɗan siririn hayaƙi a bakinsa. Idan hayaƙin ya lanƙwasa ya nutse cikin ramin, zuƙar ta iso nan, idan kuwa ya tashi sama abinsa, to wannan kusurwa tana buƙatar nata ramin ko fanka mai ƙarfin ja. Wanda ya tsallake wannan mataki ya sa fanka iri ɗaya a kowane gida, zai dace a gidaje masu sauƙi, a masu wuya kuma zai yi kitso da kwarkwata, bututu a tsaye, fanka tana kuka, radon kuma tana nan.

Shin gyaran da aka yi ba daidai ba yana iya cutarwa?

Yana iya. Ba a sa fanka a cikin ɗakin zama ko ƙarƙashinsa, domin bututun da ke bayan fanka cike yake da iska mai radon ninkin-ba-ninkin, kuma ƙaramin yoyo zai zuba ta cikin gida. Bakin bututun dole ya fita sama da rufi, aƙalla mita 3 daga ƙasa, nesa da tagogi. Dole kuma bututun ya karkata yadda ruwan da ke taruwa a ciki zai gangara ƙasa. Haɗari mafi girma yana tasowa ne idan daɓen yana da ƙofofi da yawa, fanka ta riƙa janye iskar cikin gida, har ta sa hayaƙin tukunyar ɗumama ruwa ko murhun gas ya dawo ciki maimakon ya fita, wanda ke iya cika ɗaki da iskar kabon monoksayid. Wannan tana kisa cikin awanni, don haka gwada na'urorin ƙona mai bayan kafa fanka ba abin sakaci ba ne.

An yi gyara amma adadin bai sauka yadda ake so ba. Me ke jawo haka?

Da farko a duba ko zuƙar ta kai ko'ina, da ko an bar wata babbar ƙofa a buɗe, kamar ramin tara ruwa ko ramukan cikin bulo. Idan waɗannan sun yi daidai, sai a nemi wani tushen radon ɗin. Kayan gini kansu kan fitar da radon a wasu wurare, kamar wani nau'in kankare mara nauyi da aka yi amfani da shi a Suwidin daga 1929 zuwa 1975, wanda maganinsa ƙara shigar iska ne, tun da fankar ƙarƙashin daɓe ba ta taɓa shi. Tushe na biyu shi ne ruwa.

Yaya radon ke shiga gida ta ruwa, kuma wa ya kamata ya damu?

Ruwan kogi da na dam ba su cika ɗauke da ita ba, domin tana ficewa cikin iska. Matsalar tana ga rijiyar burtsatse mai zurfi da aka haƙa cikin dutse, musamman giranit, wadda ruwanta ke tafiya a rufe daga dutse zuwa famfo. Da zarar an buɗe shawa ko injin wanki, radon ta fita daga ruwan ta shiga iskar gida. Ƙiyasin da ake aiki da shi shi ne pikokuri 10,000 a litar ruwa yana ƙara kusan pikokuri 1 a litar iska, wato bekarel 1,000 a litar ruwa yana ƙara kusan bekarel 100 a kubik mita. Wannan matsakaici ne na gida gaba ɗaya, a banɗaki lokacin wanka adadin yana zarce haka nesa. Wani rahoto na 1999 daga majalisar binciken kimiyya ta Amurka, wanda hukumar muhallin ƙasar ta dogara da shi, ya kai ga ƙiyasin mutuwar kusan mutum 168 a shekara a Amurka sanadin radon ɗin da ke cikin ruwa, kashi 89 cikin 100 daga shaƙa, kashi 11 daga kansar ciki ta hanyar sha. Idan aka kwatanta da mutum 21,000 da aka ambata a baya, za a ga cewa ƙasar da ke ƙarƙashin gida ce babban tushe, shi ya sa ake fara gwada iska, sannan a gwada ruwa idan gidan yana amfani da rijiya.

Me ya sa ake cewa ɗibar ruwan gwaji ya fi komai wuya?

Saboda abin da ake son aunawa yana gudu daga hannun mai ɗiba, kuma kusan kowane kuskure yana rage adadin ne, wato yana kwantar wa mai gida da hankali a kan ƙarya. Ana zaɓar famfon ruwan sanyi da ke kusa da rijiya, kafin kowace na'urar tacewa, a kwance matacin da ke bakinsa domin yana cakuɗa ruwa da iska, a bar ruwan ya zuba har wanda ya kwana a tanki da bututu ya ƙare, sabo ya iso. Sannan a rage gudun ruwan har ya zama siriri mara kumfa, a sa tiyo cikin kwano, a nutsar da 'yar kwalbar gilashi a cika ta, a rufe murfinta tun tana cikin ruwan. Bayan haka mai ɗiba yakan kifa kwalbar ya ɗaga ta wajen haske, idan ya ga ko da ƙwayar kumfa ɗaya tana tasowa, sai ya zubar ya sake, domin radon za ta taru a wannan ɗan sarari ta tsere sa'ad da aka buɗe. Yana rubuta rana da awa daidai, saboda kusan kashi 17 cikin 100 na abin da ke cikin kwalbar yana rikiɗewa kowace rana, kuma da wannan lokaci ne ɗakin gwaje-gwaje zai yi lissafin komawa baya. Adadin da ke cikin rijiya ɗaya ma yana canzawa da yanayi da yawan jan ruwa, don haka ya dace a maimaita gwajin kafin a yanke shawarar sayen na'ura.

Akwai iyaka ta doka ga radon a ruwan sha?

A 1999 hukumar muhallin Amurka ta gabatar da shawarar pikokuri 300 a lita, ko 4,000 ga jihohin da ke da shirin rage radon a iskar gidaje, amma shawarar ba ta zama doka ba, kuma ko da ta zama, ba ta shafi rijiyar gida mai zaman kanta ba. Jihohi suna ba da nasu shawarwarin da suka sha bamban. Dokar Tarayyar Turai ta 2013 kan ruwan sha ta ɗauki bekarel 100 a lita, ta kuma ce idan ya wuce 1,000 gyara ya cancanta ba tare da ƙarin nazari ba. Wannan giɓi yana barin ma'aikaci da nauyin ba da shawara inda doka ta yi shiru.

Wace hanya ce ta fi wajen cire radon daga ruwa?

Hanyoyi biyu ne, kuma dukkansu a mashigar ruwan gida ake kafa su, domin matacin da ke ƙarƙashin famfon ɗakin girki ba ya hana shawa fitar da radon. Ta farko ita ce hura iska cikin ruwa a wani tanki, a fitar da iskar ta bututu zuwa saman rufi. Tana iya cire har kashi 99 cikin 100, ita ce kuma ta dace da adadi mai yawa, sai dai tana buƙatar ƙarin famfo na mayar da ƙarfin ruwa, da wanke tanki a kai a kai saboda ƙwayoyin cuta, sannan idan ruwan yana da sinadarin ƙarfe ko manganis, iskar takan sa su daskare su toshe na'urar, don haka sai an tace su tun farko.

Ta biyu ita ce tankin gawayi na musamman mai kama radon. Ya fi sauƙin kafawa, ba shi da injin da zai lalace, amma abin da ya kama yana nan a cikinsa yana rikiɗewa. Tankin yakan riƙa fitar da haskoki masu ratsa jiki, don haka ba a jingina shi da bangon ɗakin kwana, sannan a hankali wani nau'in dalma mai fitar da haskoki masu cutarwa yana taruwa a ciki, wanda rabinsa ke ɗaukar shekara 22 kafin ya rikiɗe, har zubar da tsohon gawayin ya zama matsala. Saboda haka ba a ba da shawararsa sai ga ruwa mai matsakaicin adadi, kuma wajibi ne a faɗa wa mai gida wannan tun kafin ya saya.

Bayan an gama, me ya rage a kan mai gida?

Ana sake gwaji bayan fanka ta yi aƙalla awa 24 tana aiki, kuma kafin kwana 30 su cika, zai fi kyau wani daban ya yi shi ba wanda ya kafa na'urar ba. A jikin bututun akwai wani lanƙwasasshen gilashi mai ruwa mai launi, idan gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo fanka tana ja, idan suka daidaita ta tsaya. Wannan ma'auni matsi yake nunawa, ba ya auna radon, don haka ana sake gwada iskar gidan duk bayan shekara 2, da kuma duk lokacin da aka ƙara ɗaki, aka canza tagogi, ko aka fara kwana a hawan ƙasa. Na'urar ruwa kuma ana gwada ruwan da ke shiga da wanda ke fita daga cikinta sau ɗaya a shekara.